Inda Girkawa Suka Raba Kaza da 'Ya'yanta

Autan yayata yana karatu a Atina, babban birnin Girka, kuma tun da bakinsa ya fara kama harshen mutanen ya ishe mu da tatsuniyoyinsu. Da aiki ya kai ni can a tsakiyar watan Nuwamba, na gaya masa ni fa ba ni da ƙafar bin gidajen tarihi ina kallon gumaka masu karyayyun hannaye. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Tarin taurarin nan da muke ce wa Kaza da 'ya'yanta, malamai kuma su ce Suraiya, na ji an ce Girkawan dauri sun mai da su 'yan mata bakwai uwa ɗaya uba ɗaya, kowace da sunanta, da zuriyarta, da garin da ke tinƙaho da ita. Na ce a kai ni garuruwan.

"Kawu, bakwai ɗin ba za su zagayu ba," in ji shi. "Wata tana can wani tsibiri dab da Turkiyya. Amma uku daga cikinsu hanya ɗaya ce."

Muka ɗauki hayar wata 'yar mota muka yi yamma. Bayan kamar kilomita 80 muka haye mashigin ruwan Korinti, wanda aka fasa dutse aka haƙa, aka buɗe a 1893, ga zurfi ga ƙunci, har manyan jiragen ruwan zamani ba sa iya shigarsa. Muka leƙa daga kan gada kamar kowa, muka wuce. Mun shiga Felofonis ke nan, yankin kudancin ƙasar.

A cikin mota ya zayyana mini dangin. Uban shi ne Atlas, ɗaya daga cikin ƙattan farko da suka yaƙi Zeyus, sarkin allolinsu, aka ci su. Hukuncinsa shi ne ya tsaya can ƙarshen yammacin duniya ya tallafe sama da kafaɗunsa. Sunansa ne duwatsun Atlas na Maroko da tekun Atlantika ke ɗauke da shi har gobe. Uwar sunanta Filiyoni, 'yar Teku. 'Ya'yan kuwa su ne Maya, Elektira, Taigeti, Alkiyoni, Kelaino, Isterofi da Merofi, a haɗe ana ce musu Filiyadis. Su ba mutane ba ne, ba kuma sa cikin manyan allolin da ke zaune a dutsen Olimfos. Jinsinsu shi ake kira nimfa, mata kyawawa masu tsawon rai da mutanen suka zaunar a kowace maɓuɓɓuga, kowane kogo, kowace tsohuwar bishiya. Bahaushe da ya ji siffarsu zai ce aljanu ne, kuma ba za a ce ya yi kuskure ba. Har kwanan baya tsofaffin ƙauyukan Girka suna hana yara zuwa bakin ruwa da tsakar rana don kada su gamu da neraida, wato dai su ɗin ne suka sake suna bayan ƙasar ta zama ta Kirista.

Tsohon birnin Korinti yana gindin dutsen Akrokorinti, mai tsayin mita 575, wanda aka kewaye kansa da ganuwa. Ƙofofi uku ake bi a jere kafin a shiga, daɓen hanyar kuma ya sha ƙafa har ya yi santsi, sai da na dafa kafaɗar Auta. Rumawan Gabas, da Faransawa, da mutanen Fenis, da Turkawan Usmaniyya, kowa ya bar hannunsa a ginin. A ciki muka tarar da kangon masallaci da guntun hasumiya, na tsaya na yi wa waɗanda suka taɓa sujada a wurin addu'a. Daga ƙololuwa kana ganin teku biyu, ɗaya dama ɗaya hagu.

Sarkin da ya kafa garin a tatsuniya shi ne Sisifus, mijin Merofi. Ɗan Adam ne, amma wayonsa ya sha kan allolin kansu. Auta ya kai ni wani lungu inda matakala ke gangarawa ƙarƙashin ƙasa zuwa wani ruwa mai duhu. Maɓuɓɓugar Firini ta sama ke nan, ruwa a kan tsauni, abin da ya sa masu ganuwar ke iya jure kewayen maƙiya wata da watanni. An ce Zeyus ya sace Aigina, 'yar kogin Asofos, uban yana ta yawon cigiya. Sisifus, da abin ya faru a kan idonsa, ya ce masa: ba ni ruwa a kan dutsena in gaya maka wanda ya tafi da 'yarka. Ciniki ya faɗa. Zeyus ya fusata ya aiko masa Mutuwa, shi kuwa ya yaudare ta ya ɗaure da sarƙa, aka daina mutuwa a duniya har sai da Aris, abin bautarsu na yaƙi, ya zo ya kwance ta. Da ya ga ba makawa, sai ya ja Merofi gefe ya ce in ya mutu kada ta yi masa jana'iza. Ta yi yadda ya ce. Yana isa lahirarsu ya kai ƙara cewa matarsa ta wulaƙanta gawarsa, a bar shi ya je ya tsawata mata ya dawo. Aka bar shi, ya zo ya yi zamansa har tsufa. Shi ne wanda a ƙarshe aka sa shi tura ƙaton dutse zuwa kan tudu, in ya kusa kaiwa dutsen ya gangaro, ya sake komawa.

To, ina laifin Merofi a nan? Masu tatsuniyar sun ce in ka ɗaga kai ka ƙirga, taurari shida za ka gani ba bakwai ba, don Merofi ta rufe fuska saboda kunya: 'yan uwanta duk alloli suka haifa wa 'ya'ya, ita kaɗai ta ƙare a hannun mai mutuwa. Ni wannan hukunci bai kwanta mini ba, kuma a nan bakin ruwan na faɗa wa Auta. Uku Zeyus ne ya neme su ya bar su da goyo, biyu Fosaidon mai teku, ɗaya Aris. Merofi ce ta yi aure, ta zauna ɗakinta, ta rufa wa mijinta asiri har a gaban Mutuwa, ta haifa masa Gilaukos wanda ya gaje shi. Sai aka ce ita ce mai jin kunya.

"Kawu, su a wurinsu jinin alloli shi ne daraja."

Na ce na ji, amma ban yarda ba.

Da la'asar muka bi gaɓar teku zuwa Silokastiro, daga nan hanya ta ba teku baya ta fara hawa. Kilomita 30 ne ko kusa da haka, amma kwana ce a kan kwana. Da farko gonakin lemo da zaitun, sai garakan inabin da ake shanyawa ya zama ƙananan baƙaƙen zabibin da aka san Korinti da su, can sama kuma dogayen itatuwa masu ganye siri-siri da ba sa kakkaɓewa. Ƙauyen Tirikala kashi uku ne, na ƙasa da na tsakiya da na sama. Dutsen da ke bayansa sunansa na dauri Kilini, mutanen wurin suna ce masa Ziriya, ƙololuwarsa mita 2,370 da 'yan kai. A nan aka ce an haifi 'yan matan bakwai duka.

Mun sauka a masaukin wata dattijuwa da mijinta, ginin dutse, murhu na ci a falo. Auta ya yi mata bayanin abin da ba ma ci, ta kawo mana fasolada, miyar farin wake da tumatir da man zaitun, da burodi da cukun tumaki. Sanyin wurin ba irin hunturunmu ba ne mai busar da fata. Wannan jiƙaƙƙe ne, ƙashi yake nema.

Bayan Isha muka hau wani fili da ke sama da ƙauyen, muka kashe fitilar mota, muka jira ido ya saba. Kaza da 'ya'yanta ta riga ta hau sosai daga gabas, a dunƙule yadda na san ta tun ina yaro. Ƙasa da ita wasu taurari sun jeru da siffar bakin kibiya, da wani ja mai haske a gefe ɗaya: su ne Hiyadis, jan kuma Dabaran. Ƙasa da su tarin taurarin da ake kira Oriyon yana tasowa a kishingiɗe, da taurarinsa uku na ɗamara. Na ƙirga, shida na samu. Auta da idon ƙuruciya ya ce yana ganin na bakwai yana ɓacewa yana dawowa. Sai ya miƙo mini madubin hangen nesa mai ido biyu, nan take shida suka zama gomiya, farare masu ratsin shuɗi. Galileyo, masanin taurari na Italiya, da ya duba su da nasa madubin ya zana 36 a 1610. Yanzu masana sun ce sun haura dubu, kuma tare aka haife su daga gajimaren ƙura da iska guda, kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, abin da a lissafin taurari ƙuruciya ce. Hasken da ya shigo idona a daren ya yi shekara wajen 440 yana tafe.

A nan na sami hujja a shari'ar Merofi. Masana taurarin Turai daga baya sun raba sunayen dangin ga taurari tara na tarin, 'yan mata bakwai da iyayensu biyu. Shidan da ido ke gani ba wahala su ne Alkiyoni, wadda ta fi kowa haske, sai Atlas, Elektira, Maya, Merofi da Taigeti. Wato Merofi tana nan fuskarta a buɗe, a hotunan da ake ɗauka ma wani hazo mai haske ya kewaye ta. Waɗanda suka dushe su ne Kelaino da Isterofi da uwar. Auta ya ce ai suna ne kawai wani ya liƙa. Na ce ko ma wane ne, ya fi masu tatsuniyar adalci.

Da muka dawo maigidan yana gaban murhu. Makiyayi ne da ya ajiye sanda. Auta yana ce masa barba, yadda ake kiran dattijo a ƙauyukansu, yana juya mini maganarsa. Da aka ambaci Maya da Merofi sai ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan karatun 'yan makaranta ne. Shi abin da ya sani Fuliya, sunan da talakan Girka ke kiran tarin da shi. Ya ce a zamanin ubansa tumaki suna hawa dutse bayan bikin waliyyinsu Jirjis, 23 ga Afrilu, su sauko kwari wajen bikin Dimitiriyos, 26 ga Oktoba, wanda kuwa ya yi jinkiri to Fuliya ce wa'adinsa na ƙarshe. Ya rero wani zancen tsofaffi: in Fuliya za ta faɗi tana aiko da saƙo, kada a ga makiyayi a kan dutse, kada a ga mai garma a gona. Ma'ana daga tsakiyar Nuwamba, lokacin da ake ganin faɗuwarta a yamma da asuba, shuka ta ƙare, dabba ta sauko, sanyi ya shigo.

Wannan lissafi ya girmi bukukuwan waliyyan nesa ba kusa ba. Hesiyod, manomi mawaƙi da ya rayu a ƙauyen Askira wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi wa ɗan'uwansa malalaci nasiha a waƙe, a ciki ya ce in 'ya'yan Atlas suka fito a fara girbi, in za su faɗi a fara huɗa, kuma kafin fitowar sukan ɓuya kwana 40. Fitowar da yake nufi ita ce ranar da aka fara hango su a gabas dab da alfijir, cikin Mayu, bayan hasken rana ya yi makonni yana rufe su. Faɗuwar kuwa a farkon Nuwamba take a zamaninsa. Abin da ya sa lissafin ya zo mana a juye shi ne ruwan Girka da sanyi yake zuwa. Alkama da sha'ir a ƙarshen shekara ake shuka su, su sha ruwan hunturu, a girbe kafin zafi ya tsananta. Mu kuwa a cikin taurari 28 da malamai ke lissafin shekara da su, kusan kowane kwana 13, Suraiya da Dabaran na bazara ne, lokacin da ake sharar gona ana duban gabas. Tauraron da ke ce wa Bagirke ya wasa lauje shi ke ce wa manomin Katsina ya gyara iri.

Na tashi kafin asuba na fita tsakar gida lulluɓe da bargo. Jerin duk ya koma yamma. Kaza tana gaba ta kusa taɓa dutse, Hiyadis na bin ta, Oriyon na biye da su duka ya sunkuyo. An ce shi ƙaton maharbi ne, ya ci karo da 'yan matan da uwarsu a ƙasar Biyotiya, ya bi su shekara bakwai suna gudu, har Zeyus ya mai da su kurciyoyi ya ɗora su a sama. Da Oriyon ya mutu shi ma aka ɗora shi a bayansu, ga shi har yau bai cim musu ba. A takarda labarin ba shi da wani armashi. A tsakar gidan nan na ga amfaninsa: yaron da ya haddace shi ya san wa ke fara fitowa, wa ke biye, wa zai fara faɗawa teku, daga nan kuma ya san ranar da za a ɗaura wa shanu garma. Mutanen da yawancinsu ba su iya karatu ba sun adana kalandar gona a cikin labarin farauta.

Da hantsi muka nufi kogon Maya. Ita ce babbarsu, mai gudun taro, ta bar majalisar alloli ta tare a wani kogo a jikin wannan dutse. Nan Zeyus ke zuwa mata cikin dare in matarsa Hera ta yi barci, nan ta haifi Harmis. Jaririn nan da asuba aka haife shi. Da rana tsaka ya kama kunkuru a bakin kogon, ya fafe ƙoƙon bayansa, ya ɗaura tsirkiya bakwai, ya ƙago abin kiɗan da suke kira lira. Da yamma ya je ya kore shanun yayansa Afolo guda 50, ya sa su tafiya da baya don ya ɓad da sawu, ya dawo ya shige zanin goyonsa. Uwar ce ba ta ruɗu ba, ta tare shi da faɗa. Shi ne daga baya ya zama manzon alloli, kuma ubangidan makiyaya da fatake da ɓarayi. Wanda ya ga ƙasar ba zai yi mamaki ba: dutsen kiwo ne, inda ake kiwo kuwa ba a rasa labarin satar shanu. Kogon da ake nunawa yau yana wajen mita 1,700, a jikin gangare mai tsini, shigarsa sai da igiya da fitila da wanda ya san ciki. Ba mu da ko ɗaya, sai muka bi 'yar hanyar awaki har inda muka hango bakinsa, muka juyo.

Daga nan muka gangara ta gefen tafkin Istimfaliya, muka hau babbar hanya ta Tirifoli zuwa Isfarta. Wanda ya zo neman garin mayaƙan nan da ake ba da labari zai sha mamaki: madaidaicin gari ne mai tituna a miƙe, an sake kafa shi a 1834, kufan tsohon kuwa 'yan duwatsu ne a cikin gonar zaitun. Lokacin tsinkar zaitun ne, ko'ina an shimfiɗa raga ƙarƙashin bishiyoyi, iyali guda suna karkaɗa rassa. Abin kallo a Isfarta yana sama. Dutsen Taigetos ya tokare yammacin garin gaba ɗaya, tsawonsa kusan kilomita 100, ƙololuwarsa ta haura mita 2,400, har rana takan faɗi musu da wuri.

Sunan Taigeti ne a kansa. Ita tana cikin 'yan rakiyar Artemis, allahiyar farauta da ba ta aure, da Zeyus ya matsa mata sai uwargijiyar ta mai da ita barewa ko ta tsira. Dabarar ba ta yi ba. Ta haifi Lakedaimon, wanda ya auri Isfarta 'yar Efrotas, ya sa wa ƙasar sunansa, ya sa wa birnin sunan matarsa. Efrotas kuwa shi ne kogin da ke ratsa kwarin. Ka tsaya a kan gada ka juya sau ɗaya, ka ga dangin duka: suruki yana gudana a ƙarƙashinka, amarya ce garin, uwar miji tana tsaye a yamma da ɗan farin ƙanƙara a ka.

Nan aiki na biyu na tatsuniyar ya fito fili. Kusan kowace daga cikin 'yan matan kakar wani gidan sarauta ce. Elektira ta haifi Dardanos, tsatson sarakunan tsohon birnin Turoi, reshen da Rumawa ma daga baya suka rataya asalinsu a kai. Isterofi ta haifi Oinomawos sarkin Fisa kusa da Olimfiya, wanda mijin 'yarsa, Felofs, ya bar wa Felofonis sunansa. Alkiyoni ta haifi Hiriyus a Biyotiya. Merofi na Korinti, Maya na Arkadiya, yankin da dutsen Kilini yake a zamanin da, Taigeti na nan. Garuruwan da ba su da sarki ɗaya, suna yaƙar juna ba hutu, sun tara kakanninsu mata a ɗaki ɗaya, suka kai ɗakin sama inda ba mai iya ƙaryata su. Duk wanda ya taso da labarin Bayajida da Bawo da Hausa Bakwai ya san irin wannan aiki. Sai dai in ruwayoyi suka yi yawa akan yi tuntuɓe. Wata ta ce Hiriyus ɗin nan shi ne uban Oriyon. Na lissafa da yatsa na ce wa Auta, ashe maharbin naku kakarsa yake bi. Ya yi dariya har sai da ya gangara da mota gefen titi.

Washegari muka hau Mistiras, kilomita kaɗan daga garin, a jikin Taigetos. Wani basaraken Faransawa ne ya gina ganuwarta a 1249, daga baya ta koma hannun Rumawan Gabas ta zama birni mai fada da majami'u. Yanzu kufai ne, sai gidan 'yan zuhudu mata guda, Fantanasa, da har yau ake zaune a ciki. Muna tsakiyar gangarowa hadari ya sauko daga kan dutsen ba sallama, muka ruga muka fake a barandar gidan tare da kuliyoyinsu.

"Kawu, ga Hiyadis nan sun fara," in ji Auta.

Su ma 'ya'yan Atlas ne, wasu sun ce uwa ɗaya suke da Filiyadis, wasu sun ce 'yan uba ne. Adadinsu ya danganta da mai ba da labari, an dai fi cewa biyar. Suna da ɗan'uwa namiji, Hiyas, maharbi, wanda zakanya ta kashe a Libiya, sunan da Girkawa ke kiran arewacin Afirka da shi. 'Yan matan suka yi ta kuka har suka mutu, aka ɗora su a fuskar burjin Sa. Kukan bai tsaya ba, shi ne ruwan da ke zuwa in sun faɗi a Nuwamba. Wata ruwayar kuma ta ce su ne suka reni Diyonisos, abin bautarsu na inabi, aka saka musu da zaman sama. Labaran biyu ba su yi kama ba, amma duka a ruwan da kurangar inabi ke jira suka tsaya. A wurin masana su ne tarin taurari mafi kusa da mu, tafiyar haske ta shekara 150 ko ɗan fiye, kuma sun ninka Filiyadis shekaru wajen sau shida. Kusancin da tsufan ne suka sa suka fi bajewa a sama. Dabaran da ke zaune a matsayin jan idon San ba ɗan gidan ba ne. Yana gaba da su, a shekara 65, saiti ne kawai ya haɗa su.

Maganar kuka da ruwa ta tuna mini Larabawan jahiliyya, waɗanda su ma suke jingina ruwa ga faɗuwar taurari. Hadisin Zaidu ɗan Khalid sananne ne: bayan ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya, Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarsa ya yi imani, wanda kuma ya ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa ya kafirce. Malamai sun rarrabe tsakanin mai ɗaukar tauraro shi ke saukar da ruwa, da mai ɗaukarsa alamar lokaci da hanya, yadda Suratun Nahli ta ce da taurari suke shiryuwa. Tsohon makiyayin Tirikala, da gicciyensa a wuya, ina jin a sahu na biyu yake. Bai ce Fuliya ce ke kawo sanyi ba, cewa ya yi saƙo take aikowa.

Saura Elektira. Nata wurin shi ne Samotiraki, tsibiri mai tsauni a can arewa maso gabashin tekun Ejiyan. Akwai masu cewa ba Merofi ce ta ɓace ba, Elektira ce: da aka ƙone Turoi, birnin jikokinta, ta kasa kallo ta rufe fuska, wasu ma suka ce ta bar 'yan uwanta ta saki gashi ta zama tauraruwa mai wutsiya. Wannan ruwayar ta fi shiga hankalina, don uwa ta kasa kallon gawar zuriyarta ba sai an yi wa kowa bayani ba. Na so in je. Auta ya buɗe wayarsa ya nuna mini: mota ta kusan kilomita 800 daga Atina zuwa Aleksandurufoli, sannan jirgin ruwa na wajen awa biyu, wanda in iska ta taso a wannan lokacin yakan kwana a tasha. Hesiyod ma ya yi gargaɗi a kai. Ya ce in Filiyadis suka guje wa Oriyon suka faɗa teku, iska iri-iri na tashi, a ja jirgi tudu a tokare shi da duwatsu, a cire toshiyar gindinsa don kada ruwan sama ya ruɓar da shi, a jira lokaci.

"Ka ji dai, Kawu. Kuma ina da jarrabawa ranar Litinin."

Na ce to, mu bi maganar tsohon manomi. Muka jira ruwa ya tsagaita, muka gangara wajen mota, muka kama hanyar Atina.